Ciki da Falo a Orlando

Duk wanda ya taɓa neman gidan haya a Kano ko Kaduna ya san abin da ake nufi da ciki da falo. Dillali ba ya buƙatar dogon bayani: ɗakuna biyu ne, da bango a tsakaninsu, da ƙofa a jikin bangon. Baƙo ya tsaya a falo, mai gida ya shige ciki. Ko da falon bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba, darajarsa tana nan, domin rabin kuɗin hayar na wannan ƙofa ta tsakiya ne.

A masaukan da ke kewaye da manyan wuraren shaƙatawa na Amurka, wannan ƙofa ita ce ta fi komai wuyar samu, ita ce kuma ta fi tsada. Yawancin ɗakunan otal an gina su bisa lissafi ɗaya: uba, uwa, yara biyu, gadaje biyu a jere, talabijin a gabansu, banɗaki ɗaya. Iyalin da suka fi haka yawa, ko waɗanda ke da dalilin da zai hana su kwana a fili a gaban juna, samun abin da ya dace da su allura ce cikin ruwa.

Mu muna cikin waɗannan. A Atalanta muke zaune, kuma mu biyun aikinmu ɗaya, rubuta manhaja. Tun a ajin kimiyyar kwamfuta a Zariya muka san juna. 'Ya'yanmu uku: babbar mace ce mai shekara 10, mai bi mata namiji ne mai shekara 6, sai auta da bai cika biyu ba. Ga kuma Hajiya, kakarsu ta wajen uwa, wadda ta zo daga Kano za ta yi wata uku tare da mu. Shekara biyu yaran suna roƙon a kai su Disney World, har muka yi musu alkawarin dogon hutun makaranta, alkawari kuwa kaya ne. Daga Atalanta zuwa Orlando, a jihar Filorida, kimanin kilomita 700 ne, tafiyar awa bakwai a mota. Hanya ba ta dame mu ba. Tikitin shiga ma, duk da tsadarsa, kuɗinsa a rubuce yake. Wurin kwana ne ya ci mana mako uku muna kai da komo.

Dalili na farko Hajiya ce. Ɗayanmu 'yarta ce, ɗayan surukinta. Mutumin da ba ya iya cin abinci a gabanta, wanda in za su gaisa sai ya durƙusa yana kallon ƙasa, ta yaya zai miƙe ƙafa ya yi minshari a gadon da ke kusa da nata? Ita ma ba za ta cire hijabi ta kwanta ba. Abin da ya fi tsorata mu shi ne ba za ta ce komai ba. Da mun kama ɗaki ɗaya, za ta ce "ba komai, ai tafiya ce," sannan ta kwana a zaune a kan kujera da carbi a hannu har a gama hutun, mu dawo da ita gida da ciwon baya da kumburin ƙafa. Kawaicin manya ba ya nufin abin bai dame su ba, kuma aikin na ƙasa ne ya gane tun kafin a kai ga haka.

Dalili na biyu babbar 'yarmu ce. A tsarin tikitin Disney, yaron da bai kai shekara 3 ba kyauta yake shiga, daga 3 zuwa 9 kuɗin yara, daga 10 kuwa kuɗin babba ake karɓa. Tarbiyyar da aka yi mana ita ma a shekara goma take raba wa yara shimfiɗa. Tunda masu karɓar kuɗi da iyayenmu sun haɗu a kan cewa yarinyar nan ta girma, ba mu ga dalilin da zai sa mu cusa ta gado ɗaya da ƙanenta don mu rage kuɗi ba.

Na uku shi ne auta. Ƙarfe bakwai na yamma yake barci, kuma haske kaɗan ko motsin cokali yana tayar da shi. A ɗaki ɗaya, in ya kwanta kowa ya kwanta ke nan: a kashe fitila, a yi magana da raɗa, babba ya zauna cikin duhu yana latsa waya a ƙarƙashin bargo.

Wani zai ce ai ba kwana aka je yi ba, wasa aka je. Ɗaki wurin ajiye jaka ne kawai. Wanda ya san yanayin wurin ba zai faɗi haka ba. Disney World, da aka buɗe a 1971, fili ne mai faɗin kimanin murabba'in kilomita 100, da manyan wuraren wasa huɗu da otal sama da 20 na kamfanin a ciki. Daga Yuni zuwa Satumba, Filorida zafi ne mai gumi, kuma kusan kullum da rana hadari yakan haɗo, a tafka ruwa da tsawa. Shi ya sa masu ƙananan yara suke sammako, su koma masauki da tsakar rana a yi wanka a ɗan kwanta, su sake fita da yamma. Ke nan sau uku iyali suke taruwa a ɗaki: da asuba, da tsakar rana, da dare. Da muka jera su a takarda sai muka ga su ne lokuta ukun da aka koya mana a Islamiyya, a aya ta 58 ta Suratun Nur, cewa yara su nemi izini kafin su shiga wajen manya: kafin sallar asuba, lokacin hutun rana, da bayan isha'i. Neman izini kuwa sai da ƙofar da za a tsaya a bakinta. Gidajen kakanninmu ma haka aka tsara su, daga zaure zuwa shigifa, zuwa tsakar gida, zuwa turaka, kowane mataki da wanda aka yarda ya taka shi.

Sai muka shiga shafukan kama ɗaki na intanet. A nan sana'armu ta yi mana rana, domin mun san yadda ake gina irin waɗannan shafuka. Kowane ɗaki layi ne a rumbun bayanai, kuma layin yana da gurabe: yawan gadaje, yawan mutanen da aka yarda su kwana, faɗin ɗaki, akwai firji ko babu. Abin da ba a ware masa gurbi ba, matatar bincike ba za ta taɓa nemo maka shi ba, komai latsawarka. Ba mu ga shafin da ya ware gurbin "akwai ƙofa mai rufuwa tsakanin masu barci" ba. Abin da ake da shi suna ne kawai, kalmar nan da suke kira suwit, kuma kowane otal da abin da yake nufi da ita. A wani wuri ciki da falo ne na gaske. A wani wuri ɗaki ɗaya ne mai faɗi da doguwar kujera a gefe. A wani wurin kuma rabin bango ne da bai kai rufi ba, ko labule. Hotunan ma da gilashin kyamara mai buɗe wuri ake ɗaukarsu, daga kusurwar da ba ta nuna inda ɗaki ya ƙare.

Don haka muka yi namu jadawalin, da gurabe biyar: ƙofa, yawan banɗaki, wurin ɗumama abinci, tsawon lokacin komawa ɗaki da rana, sai kuɗi. Ba ma cike gurbin ƙofa sai mun ga ɗaya daga abu uku: taswirar ɗakin, ko bidiyon da wani baƙo ya ɗauka da wayarsa yana zagayawa ya sa a YouTube, ko amsar ma'aikacin otal ta waya. Tambayar da muke yi musu ɗaya ce: in an rufe, wanda ke falo zai ga hasken fitilar ciki? Daga amsar ake gane ko ƙofa ce ko sunanta.

Hanya ta farko da muka duba ita ce kama ƙananan ɗakuna biyu. A otal-otal masu sauƙin kuɗi na Disney, ɗaki ɗaya kimanin murabba'in mita 24 ne, mutum huɗu yake ɗauka da jariri a gadonsa, kuma wannan adadi ba a cinikinsa. Mu biyar ne da jariri, ɗaki ɗaya ya fita daga lissafi tun farko. Ɗakuna biyu kuwa suna da nasu tarkon. Akwai ɗakuna maƙwabta, waɗanda suke jere kawai, sai ka fita baranda ka ƙwanƙwasa. Akwai kuma masu ƙofar tsakiya da ke haɗa su ta ciki. A yawancin otal-otal, na biyun roƙo ake yi, a rubuta maka, amma ba a ba ka tabbaci sai ranar da ka iso. Kamfanin Hilton ya fito da tsarin tabbatar da irin waɗannan ɗakuna tun lokacin biyan kuɗi a 2021, abin da ke nuna cewa matsalar ta daɗe tana damun iyalai. Mu ba mu so mu yi tafiyar awa bakwai sannan a ce Hajiya tana wani bene, mu muna wani. Ba ta jin Turanci, kuma katin buɗe ƙofa ba abin da ta saba da shi ba ne.

Hanya ta biyu otal-otal na Universal, ɗaya babban kamfanin wasanni na Orlando. Cabana Bay, da aka buɗe a 2014, yana da masaukin iyali mai ɗaukar mutum shida, amma abin da ya raba falo da wurin kwana allo ne da ake ja. Ga iyalin da damuwarsu kawai yara su yi barci manya su kalli talabijin, wannan ya wadatar. Endless Summer kuma yana da mai ɗaki biyu, ɗaya da ƙofarsa, a farashi mai sauƙi, sai dai banɗaki ɗaya ne. Mutum biyar masu alwala, da suruka da suruki a layi ɗaya da asuba, bai yi mana ba. Ga shi kuma yaran Disney suke so, kullum sai an shiga mota.

Hanya ta uku ta fi jan hankalinmu: gidan haya sukutum a Kissimmee, garin da ke kudu da wuraren wasan, inda unguwanni guda suke cike da gidajen da ake ba masu yawon buɗe ido. Ɗakuna uku ko huɗu, kicin cikakke, injin wanki, kowa da ƙofarsa, kuma in aka raba kuɗin bisa kawuna ya fi otal araha. A gurabe huɗu na jadawalinmu shi ne kan gaba. A na biyar ya faɗi. Wanda ya zo Magic Kingdom da motarsa ba a bakin ƙofa yake ajiye ta ba. Filin ajiye motoci yana hayin wani tafki, sai ka biya kuɗin ajiya, ka hau jirgin ruwa ko jirgin ƙasa mai layi ɗaya kafin ka isa mashiga. Motocin bas na otal-otal ɗin Disney kuwa kusa da mashigar suke sauke mutane. Komawa gida da rana, da yaro a kafaɗa da tsohuwa mai ciwon gwiwa, zai cinye hutun da aka koma yi. Da tafiyar mako biyu ce, ko da iyali biyu ne suka haɗa kuɗi, gidan za mu kama ba tare da wani tunani ba.

Saura hanya ta huɗu: masaukan iyali na Disney kansa. Guda biyu ne a rukunin masu sauƙin kuɗi, All-Star Music da Art of Animation. Na biyun, wanda aka buɗe a 2012, yana da irin wannan masauki 1,120, kowanne kimanin murabba'in mita 52, mai ɗaukar mutum shida. Ɗakin ciki yana da ƙofa ta gaske da banɗakinsa. Falo yana da nasa banɗakin, da doguwar kujera da ke zama gado, da teburin cin abinci wanda in aka ja shi ƙasa gado yake saukowa daga bango. Akwai ƙaramin firji da na'urar ɗumama abinci. Tun 2019 kuma akwai Skyliner, ƙananan taragu masu tafiya a kan igiya a sama, da ke kai mutane Epcot da Hollywood Studios. Masu kwana a otal ɗin kamfanin ana barin su shiga wuraren wasa rabin awa kafin sauran jama'a. Duk gurabenmu sun cika, ban da na kuɗi.

A ranakun da muka duba, kuɗinsa ya haura ninki biyu na ƙaramin ɗaki, ga harajin kashi 12.5 cikin ɗari da ake ɗorawa a kan kuɗin otal a yankin. Albashin mai rubuta manhaja a Amurka yana da auki a baki, amma bayan haya da inshorar lafiya da kuɗin renon auta da abin da ake aikawa gida duk wata, ba a wasa da shi. Mun ware kuɗin kwana shida. In muka ɗauki wannan masauki, kwana huɗu za su biya, shiga wurin wasa kuma ya koma kwana uku. Muka zaunar da yaran muka gaya musu. Babbar ta yi shiru tana lissafi da yatsu, sannan ta ce, "Abba, wato mun sayar da kwana biyu mun sayi ƙofa?" Muka ce haka ne. Ta ce ita ba ta ga ribar ba. Ba mu tsaya gardama da ita ba, domin a lissafinta na mai shekara goma tana da gaskiya. Muka biya, muka zaɓi ɓangaren Finding Nemo saboda shi ya fi kusa da babban zauren otal ɗin, don gwiwar Hajiya.

Abin da jadawali bai warware ba shi ne wanda zai kwana a ciki. Da muka isa, Hajiya ta tsaya a tsakiyar falo, ta leƙa ɗakin, ta ga gado da banɗaki, ta juyo.

"Wannan ai na masu gida ne," in ji ta. "Ni ku shimfiɗa min a nan ƙasa. Tsohuwa ina ruwanta da gado?"

Surukinta ya sunkuyar da kai ya fita ɗauko kaya a mota, alhali babu abin da ya rage a cikinta. 'Yarta ta ce, "Hajiya, in kika kwana a falo, duk fitar da baban yara zai yi sai ya wuce ta kanki. A ciki kuwa ga banɗakinki, ki yi alwalarki ba wanda ya gan ki."

Ta yi shiru, alamar maganar ta shiga, amma ba ta motsa ba. Sai babbar jikarta ta ja jakarta ta shige ciki ta faɗa kan gadon. "Hajiya, ni dai a nan zan kwana. In ba kya so ki bar min."

"Ji min kishiya! Ke a gado ni a ƙasa? Ba a yi ba, ba kuma za a fara a kaina ba." Ta tattara mayafinta ta bi ta.

Haka aka raba. Hajiya da jikarta a ciki, da gadon auta a gefensu, tunda ita ma daga isha'i take kwanciya. Yaron a kan doguwar kujera, wanda ko ganga aka buga ba ya farkawa. Mu biyu a gadon da ke saukowa daga bango. Wato mu da muka biya kuɗin ƙofar a wajenta muka kwana, kuma ba mu yi asara ba, domin ƙofa ɓangare biyu take suturtawa. Filorida tana bayan Najeriya da awa biyar a wannan lokaci na shekara, don haka tun ƙarfe uku na dare wayar Hajiya take fara kuka da kiran WhatsApp daga Kano, ta amsa gaisuwar biki da ta suna son ranta, mu ba mu ji ba. Da asuba kowane ɓangare ya yi alwala a banɗakinsa. Da rana, in mun dawo a jiƙe da gumi ko da ruwan sama, ta shige ta rufe, ta cire hijabi ta miƙe, surukinta ma ya samu ya kwanta da singileti. Tuwo da miyar kuka da muka daskarar muka taho da su a kula, su muke ɗumama mata, mu kuma mu cika jaka da dambun nama da burodi, tunda ana barin mutum ya shiga wuraren wasan da abincinsa. Daren da aka je kallon wasan wuta a Magic Kingdom, ta ce ita ta ga na rana ya ishe ta. Ta zauna da auta, muka dawo wajen sha ɗaya muka kunna fitilar falo, muka sha shayi, ba wanda ya motsa a ciki.

Kwana uku na wasa sun ishe mu. Wayoyinmu suna ƙirga taku sama da 18,000 kowace rana, kuma a rana ta uku yaron da kansa ya nemi a koma ɗaki tun kafin azahar. Mun ga iyalai a tashar bas da dare, uba ya yi jajir, uwa ta ɗaure fuska, yara suna kuka a keken turawa. Ba mu san inda suka kwana ba, amma mun san yadda rashin barci yake cinye haƙurin mutum, kuma wurin da ake tsayuwa a layi cikin rana haƙuri ne jarinsa.

Ba kowane iyali ne yake buƙatar abin da muka buƙata ba. Mata da miji da jariri ɗaya, ƙaramin ɗaki ya ishe su, su ƙara kwana da rarar kuɗin. Masu yara ƙanana biyu, allon da ake ja ya wadatar. Amma wanda zai tafi da mahaifiya ko suruka, ko yake da 'ya da ta fara sanin kanta, ya fara da tambayar wa zai kwana a gaban wa, kafin ya duba kyawun wurin ninkaya ko zanen da ke bango. Ya nemi taswirar ɗaki, ya ƙirga banɗaki, ya tambayi minti nawa ne daga mashigar wurin wasa zuwa gado. In kuɗi bai kai ba, a rage kwanaki.

A hanyar dawowa, mun wuce iyakar Jojiya, Hajiya tana waya da ƙanwarta a kujerar baya. Muna jira mu ji ta ba da labarin taragun da ke tafiya a sama, ko raƙuman dawan da ta gani a Animal Kingdom. Ta ambace su a gurguje. Abin da ta daɗe a kai shi ne masauki: "Wallahi sun kama wuri na mutunci. Ɗakina daban, banɗakina daban, ban takura wa yaron nan ba, shi ma bai takura ba." Babbar 'yarmu har yanzu tana bin mu bashin kwana biyunta, kuma ta riga ta sanar da mu cewa in za a koma, ita ma ɗakinta daban take so.